Ɗigon Rawayar Alaramma

Duk matashin da ya shigo shagona a Gwarzo ya ce yana son koyon gyaran hoto, abu na farko da nake yi shi ne in karɓe wayarsa in kife ta a kan tebur. Nan take sai ka ga ya haɗe rai kamar na ɗauke masa kwanon tuwo. To, ku yi haƙuri. Kun saba ku ja yatsa dama fuska ta yi haske, ku ja hagu sama ta yi shuɗi, ku ce kun gama aiki. Ni kuwa na ga makon da irin wannan jan yatsa ya kusa sa a wanke Alƙur'anin da wani dattijo ya yi shekaru yana rubutawa da ka, kuma yatsan nan nawa ne.

Na shiga sana'ar nan ne lokacin tsuke bakin aljihu, wanda mutane suke kira ostariti. Maigidana Alhaji Tanimu yana da ɗakin duhu a bayan shagonsa, da jar fitila guda da faranti uku na ruwan magani. Takardar hoto ta yi wuya a lokacin, fim ma sai an yi cigiya a Kano. Saboda haka ba ya barin a ɓata ko da falle ɗaya. Kafin ya wanke hoto sai ya yanki 'yar siririyar takarda ya gwada, ya fito da ita waje, ya tsaya a inuwar darbejiya ya duba. Hasken ɗaki, in ji shi, ɗan fadanci ne, abin da kake so ka ji shi yake gaya maka.

Abu biyu ya cusa mini a kai har suka zauna. Na farko, a cikin farar riga sai an ga aikin wuya, a cikin baƙar hula sai an ga zare. In fari ya zama fari fat babu komai a ciki, ko baƙi ya zama baƙi ƙirin, to ka kashe wani abu da Allah ya sa a wurin. Na biyu, ba a yar da nagatif, wato fim ɗin asali da ake fitar da hoto daga jikinsa. Wata rana na share ɗaki na haɗa da wani gutsuren fim da ya karce, sai da ya sa na zazzage kwandon shara a gaban masu jiran hoton fasfo. "Wanda ka wanke ra'ayinka ne, Bala," ya ce da ni. "Wancan shi ne abin da aka gani."

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda Shari'a ta zo. Ni ma na yi kabbara tare da kowa, ba na ɓoyewa. Amma kasuwarmu ta kwanta. Kiɗan biki ya ja baya, 'yan matan da suke zuwa ranar Sallah su riƙe furen roba a gaban labule suka ɗauke ƙafa, wasu malamai kuma suka riƙa taɓa maganar hoto a wa'azi. Muka koma daga fasfo sai fasfo. Alhaji Tanimu ya miƙa mini mukulli ya koma gonarsa a Unguwar Tudu. Ni da ba ni da gona, sai na toshe kunne na sayi tsohuwar kwamfuta mai ƙaton ƙeya, bayan 'yan shekaru na ƙara da kamara marar fim. Na koyi manhajar gyaran hoto da kaina, ta hanyar latsa wannan in ga abin da zai faru. Ba a jima ba na yi suna. Kowa ya zo cewa yake, "Malam Bala, a ƙara mini haske." Ni kuma in ƙara, har hannuna ya saba, ko ba a ce ba sai na ƙara.

Ana haka wata Asabar wani malamin Islamiyya ya yi sallama a shagon. Bayan mun gaisa, mun tambayi gida da iyali da damina, ya ce sunansa Malam Sabi'u daga Garo ta ƙasar Kabo, ɗan Alaramma Hadi. Mahaifinsa ya rubuta Alƙur'ani cikakke da ka, shi ne na ƙarshe kafin idonsa ya yi rauni. Wani attajiri yana so a buga shi a raba wa makarantu, amma al'ada sai wani gwani ya duba ya ce babu kuskure. Gwanin da Alaramma ya yarda da shi ɗaya ne, Gwani Mudi na Kutama, wanda suka yi karatu tare tun suna samari. Shi Gwani ƙafa ta kwantar da shi, shi kuma Alaramma ya ce ko falle ɗaya ba zai bar ɗakinsa ba. Sai aka yanke a ɗauki hoton izu biyu a kai wa Gwani ya fara gani.

Na je Garo, na yi alwala na zauna a bakin zauren Alaramma, inda haske yake shigowa ba rana. Malam Sabi'u yana ɗauko falle yana shimfiɗawa a kan buzu, ni ina ɗauka. Ban taɓa ganin hannu irin wannan ba. Haruffa da baƙar tawada, wasali da ja, ga ɗigon kore nan da can, sannan ga wani ɗan ɗigon rawaya a inda hamza take, bai wuce ƙwayar gero ba. Takardar kuwa ta sha shekaru a ajiye, ta yi ruwan ƙasa-ƙasa. Alaramma yana zaune a gefe da carbi, dogo, siriri, idonsa ya yi fari.

"Yaro, wannan abin naka yana gani da kyau?" ya tambaye ni.

"Baba, ya fi idona gani," na ce, ina ji da kaina.

Na koma shago na buɗe hotunan. Duk wanda na buɗe sai wani ɗan akwati ya fito da dogon Turanci yana tambayata wani abu game da launi. Na saba da shi, kullum latsa shi nake yi ya tafi, kamar yadda ake korar ƙuda. Na ga takardar ta yi duhu, hannuna ya je ya ƙara haske. Na leƙa zanen nan da ake kira histogiram, wanda ni nake ce wa tudu. Shi ne yake nuna yadda haske ya rarrabu a hoto: hagu duhu, dama haske, kuma in tudun ya je ya jingina da bango, to abin da ke wurin ya ƙone ke nan. Na ga tuduna yana zaune a tsakiya lafiya lau. Na kai Kano aka wanke, na karɓa a ambulan ban ko buɗe a waje ba, na miƙa wa Malam Sabi'u.

Ranar Talata ta sama da wannan sai ga shi ya dawo, ko babur bai kashe ba ya shigo. Gaisuwar ma a gajarce ya yi ta. Gwani ya duba, ya aiko da cewa baƙi da ja sun zauna daidai, amma rawaya ta faɗi a wurare da yawa, inda take ma ba a rarrabe ta da ja sosai. Ya ƙara da cewa tsufa ba laifi ba ne. Maganar ta riga ta zaga Garo. Na karɓi hotunan daga hannunsa na fita inuwa, abin da ya kamata in yi tun farko. Jan ya koma kamar ruwan goro da ya kwana, rawayar kuwa ta narke a cikin takarda.

"Ai laifina ne, Malam," na ce. "Ɗigon yana nan a rubutun Baba, da idona na gani."

"Ni ma na gani, na kuma faɗa masa," in ji shi. "Zo ka faɗa masa da bakinka, ko zai ji."

Muka hau babur. Mun sami Alaramma a inda na bar shi, sai dai carbin yana ajiye a cinya. Na durƙusa na yi bayani iya yina. Ya bari har na gama.

"Sabi'u ɗana ne, ko babu zai ce akwai," ya ce. "Kai kuma yaron kirki ne, ka ga tsoho ka ji tausayinsa. Amma na'urar nan ba ta san ni ba, ba ta jin kunyata. Ba kai ka ce ta fi idonka gani ba? Lokacin da nake saka rawayar nan idona ya fara hazo. Ni kaina ina shakka."

"Baba, a ba ni falle ɗaya in kai wa Gwani."

"In sake aika masa abin kunya? A'a. Kuma ba wani hannu da zai gyara mini. Abin da ba zan iya gani in gyara da kaina ba, ba zan bar wa yara su haddace kuskure a cikinsa ba. Ranar Juma'a in an sauko, Sabi'u zai kawo ruwa a jiƙa shi a wanke, a zuba a inda ƙafa ba ta takawa."

Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji a sana'a ba. Na roƙe shi abu ɗaya: in na sake wanke hotunan kafin Juma'a, Gwani ya ce ya ga rawaya, zai dakata? Ya ce maganar Mudi ce ta ɗaure, ita kaɗai za ta kwance. Da za mu fito na tambayi Malam Sabi'u ko akwai wata takarda da Baba yake gwada alƙalami a kai. Ya lalubo mini wani gutsure daga cikin gafaka, irin takardar ce sak, duk ta sha zane da ɗige-ɗige na tawada huɗun. Wannan ba Alƙur'ani ba ne, saboda haka ba wanda ya hana ni fita da shi.

Laraba da sassafe ina Kano, a wurin da ake wanke mana hoto. Mai kula da injin, Malam Isiyaku, mutum ne marar yawan magana, ga gilashi a kan hanci. Na shiga da zafina, na ce injinsu ya cinye mini launi. Ya buɗe hotona a kwamfutarsa, ya nuna wani ɗan rubutu a ƙasa.

"Wa ya taɓa maka kamara?"

Na ce wani abokin sana'a ne ya ce in juya ta zuwa wani saiti, wai ya fi ɗaukar launi da yawa.

"Bai yi ƙarya ba. Amma ka taɓa aiken hatsi?" Na ce sosai. "To, in ka aika a ce a auno maka mudu goma, ba ka faɗi da wane mudu ba, kai kana nufin babba, mai awo ya ɗauki ƙarami, me za ka gani a buhu?"

"Ragi," na ce.

"Shi ka gani a takarda."

Nan ya warware mini abin da ake kira furofayil na launi. Hoto a kwamfuta lambobi ne kawai, ja kaza, kore kaza, shuɗi kaza. Furofayil shi ne yake faɗin da wane mudu aka auna lambobin. Kamarata tana aunawa da babba, injinsa kuma ƙarami kaɗai ya sani, ba ya ko karanta takardar da ke maƙale da hoton. Ɗan akwatin da nake kora kamar ƙuda, tambayata yake yi da wanne za a yi aiki. Na ce to ai na duba tudu, bai taɓa bango ba.

"Tudun wane mudu?" ya ce.

Ya juyar da hoton zuwa ƙaramin mudu a gabana. Tudun da yake zaune a tsakiya ya zabura ya matsa dama. Sannan ya nuna mini wata 'yar alama mai kusurwa uku a gefen zanen, wadda na shekara ina gani ina zaton ado ne. Ashe gargaɗi ne cewa manhajar ba ta ƙirga hoton duka ba, ta ɗan ƙanƙance shi ne ta yi kintace don sauri. A hoton ango da babbar riga wannan ba ya komai. Amma ɗigo mai girman ƙwayar gero, a kintace ɓacewa yake yi. Ya latsa alamar, sai ga wani siririn tsini ya miƙe a jikin bangon dama. Rawayar Alaramma ke nan, na tura ta da ƙarin haskena har ta haɗe da takarda, ƙaramin mudu kuma ya ƙarasa ta.

"Kana da na asali, ko ka danne shi da wannan?" ya tambaya.

Allah ya jiƙan Alhaji Tanimu. Ina da su, ko ɗaya ban taɓa ba, suna cikin wani faifai da na rubuta wa nagatif da alƙalami.

Na koma Gwarzo na rufe shago, na kori masu fasfo har uku. Wutar lantarki ba ta zo ba, na tayar da janareta. Kowane falle na bi shi da tsari ɗaya, kuma shi nake koya muku har yau. Ka fara juyar da hoto zuwa mudun da za a wanke da shi, kafin ka taɓa komai. Ka latsa alamar nan a ƙirga maka gaskiya. Kada ka tsaya a tudun da ya haɗa launuka duka, ka buɗe na ja daban, na kore daban, na shuɗi daban, domin ɗaya yana iya ƙonewa sauran su rufa masa asiri. Sannan ka zagaye ɗan wurin da ya dame ka kaɗai, ka karanta tudunsa. Na zagaye ɗigo, na zagaye takardar da ke gefensa, na tabbata kowanne yana da mazauninsa. Hotunan suka fito da ɗan duhu a sikirin, hannuna yana ƙaiƙayi yana so ya ƙara haske, na zauna a kansa.

Alhamis na koma wurin Malam Isiyaku. Ban yarda a wanke duka ba. Na ce a fara da hoton gutsuren gwajin alƙalami, wanda na ɗauka na bi da shi ta hanya ɗaya da sauran. Da ya fito na ja Malam Isiyaku muka fita waje, muka tsaya a inuwar bango, na ɗora gutsuren gaske a kan hotonsa. Rawaya ta ɗan yi sanyi. Na gyara, aka sake. A karo na uku Malam Isiyaku ya cire gilashi ya goge ya mayar, ya ce, "Wanne ne na tsohon?" Daɗi ya kama ni. Aka wanke izu biyun kafin la'asar.

Juma'a da hantsi na isa Kutama. Gwani Mudi gajere ne mai kauri, ƙafarsa ɗaya a naɗe da tsumma, ga murya kamar yana tsawata wa mutum ko gaisuwa yake amsawa. Na gaya masa ko ni wane ne da abin da na yi. Ya kalle ni sama da ƙasa.

"Kai ne ka sa na yi wa Hadi ƙarya?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

Ya sa aka fito da shi bakin ƙofa. Ya bi falle na farko da ɗan yatsa, leɓensa yana motsi, ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku. Ni dai ina kallon inuwa tana gajarcewa. Can ya ɗago.

"Wancan hoto ya ce babu, wannan ya ce akwai. Duka biyun kai ka yi su. Don me zan yarda da na yau?"

Na ce kada ya yarda da ni. Na miƙa masa gutsuren gwajin alƙalami da hotonsa. Ya juya gutsuren, ya kai shi kusa da ido, ya yi tsaki mai taushi. Ya ce ya san wannan jan layi tun suna samari, Hadi bai taɓa iya gwada alƙalami a miƙe ba. Sai na gaya masa abin da za a yi in an sauko daga masallaci.

"Wanke me?" ya daka tsawa. "Kawo babur ɗin nan kusa!"

Iyalinsa suka yi ta magiya saboda ƙafar, ko kallonsu bai yi ba. Mutum biyu suka ɗora shi a bayana, ya riƙe ni kamar zai karya mini haƙarƙari, duk ramin da na faɗa sai ya ce mini ban iya tuƙi ba kamar yadda ban iya hoto ba. A hanya muka tsaya muka bi jam'i, shi a zaune. Mun shiga Garo mutane suna dawowa daga masallaci.

A zauren Alaramma ga sabon baho cike da ruwa, ga gafakar a buɗe a kan buzu. Malam Sabi'u yana tsugune a gefe, idonsa jawur, yana ta jan lokaci da gyaran tabarma. Gwani bai yi sallama da kyau ba ma ya ce a miƙo masa fallen farko. Alaramma ya ji muryar ya ɗago kai.

"Mudi? Da wace ƙafar?"

"Da wadda ta rage. Yi shiru ina duba."

Ya ɗora fallen gaske kusa da hotona a bakin ƙofa, ya bi su ɗigo bayan ɗigo. Ya wuce izu biyun, ya sa aka zaro masa daga tsakiya, aka zaro daga ƙarshe, wuraren da kamarata ba ta taɓa gani ba. Zauren ya cika da mutane. Da ya gama ya mayar da fallen da hannu biyu.

"Hadi, rawayarka tana nan. Ko ɗaya ban ga ta faɗi ba. Ni na yi gaggawa, na yi shaida a kan abin da ban taɓa da hannuna ba. Ka yafe mini. Sauran kuma a nan zan zauna in duba shi har ƙarshe, sai ka ciyar da ni."

Kabbara ta tashi har waje. Alaramma ya lalubi carbinsa ya ɗauka. Sannan ya juyo wajen da yake jin numfashina.

"Yaro, ashe abin naka ma yana mantuwa?"

"Ba ya mantuwa, Baba. Ya yi ta tambayata, ni ne ban saurara ba."

Ya gyaɗa kai, kamar malamin da ya saba jin wannan amsa daga bakin ɗalibai. An buga Alƙur'anin daga baya, ni na ɗauki kowane falle, kuma tun daga ranar malaman da suke kauce wa ƙofar shagona suka fara kawo mini littattafan kakanninsu. Amma ba wannan nake tunawa ba in na ga ɗayanku yana korar ɗan akwatin nan bai karanta ba. Abin da nake tunawa shi ne Malam Sabi'u ya miƙe zai fitar da bahon a ɓoye, ruwan ya yi motsi, Alaramma ya ji.

"Ina za ka kai shi?" ya ce. "La'asar ta kusa. Matsar wa Mudi da shi ya yi alwala."